Ɗana, Kafin Ka Ja Kunama

Ɗana, na lura hankalinka ya koma kan bindiga. Wataƙila sunanka ya fito a jerin waɗanda za su tafi Defo ta Zariya, inda ake horar da kuratan soja tun 1924. Wataƙila kwalejin 'yan sanda ce ta kira ka, ko farauta ce gadon gidanku, ko kuwa gasar harbin allo ka gani a talabijin ta burge ka. Ko ma wanne ne, zauna ka saurara, domin abin da fina-finai suka cusa maka game da harbi yawancinsa ƙarya ne. A fim jarumi yana gudu, yana ihu, yana harbi da hannu ɗaya, kuma duk wanda ya nuna sai ya faɗi. A filin harbi na gaskiya, wanda ya fi kowa iya bara shi ne mutumin da za ka rantse barci yake ji. Jikinsa a sake, numfashinsa a hankali, ba ya gaggawa, kuma abin da ya yi a harbi na farko shi yake maimaitawa a na hamsin ba ragi ba ƙari. Harbi natsuwa ce. Ƙarfin damtse da zafin zuciya ba su taɓa kai harsashi inda ake so ba.

Amma tun kafin maganar saiti akwai maganar bakin bindiga, kuma ita ce ba na son ka ɗauka da wasa. Duk bindigar da ta shigo hannunka, ɗauke ta a matsayin mai harsashi a ciki, ko da mahaifinka ne ya miƙo maka yana cewa babu komai. Ka cire gidan harsashi, ka buɗe ta, ka leƙa da idonka. Bayan ka tabbatar babu komai ɗin ma, kada ka nuna ta ga abin da ba ka yi niyyar hallakawa ba. A watan Oktoba na 2021, ana ɗaukar wani fim mai suna Rust a jihar New Mexico ta Amurka, aka miƙa wa ɗan wasa Alec Baldwin bindiga da zaton babu harsashi mai rai a cikinta. Ta tashi, ta kashe mai ɗaukar hoton fim ɗin, Halyna Hutchins, ta kuma raunata daraktan. Wurin cike yake da mutanen da aikinsu ke nan, amma kowa ya dogara da cewa wani ya duba. Mu kuwa tun kafin a ƙera bindiga aka ja mana kunne. Ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai san ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa ba, kuma ya umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu kada su soki wani. Don haka yatsanka ya zauna a miƙe a gefen bindiga, nesa da kunama, har sai ka saita kuma ka yanke shawarar harbi. Makullin da ke hana bindiga tashi ƙarfe ne, yana lalacewa, kada ka jingina ran mutum a kansa.

Batun doka ba zan daɗe a kai ba. A Nijeriya Dokar Makamai ta 1959 ta raba bindigogi gida-gida, kuma kowane gida da mai ba da izininsa, har bindigar toka ma tana buƙatar lasisi daga kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ka koya a hannun hukuma ko malamin da aka yarda da shi, a filin da aka tanada. Wanda ya kira ka bayan gari da dare ya ce zai koya maka harbi, ba alheri yake nufin ka da shi ba.

To, yanzu ga aikin kansa. Sabon shiga yana zaton ido ne ke harbi. Gaskiya ita ce harbi daga ƙasa yake farawa, daga yadda ka ajiye jikinka. Nama yana gajiya, in ya gaji sai ya fara rawa, rawar nan kuwa kai tsaye take zuwa bakin bindiga. Ƙashi ba ya gajiya. Saboda haka duk dabarar zama ko kwanciya ita ce ka ɗora nauyin bindiga a kan ƙashi, ƙashin kuma a kan ƙasa. Shi ya sa ake fara koyar da mutum a kwance rubda ciki. Gwiwar hannunka biyu da ƙirjinka su zama kamar duwatsun murhu, uku ne, ba sa gyaɗi. Hannun da ke tallafe da gaban bindiga shimfiɗa ce kawai, kada ya damƙe, gwiwarsa kuma ta kasance kusan a ƙarƙashin bindigar. Gindin bindiga ya zauna a lungun kafaɗa, wurin nan mai taushi da ke tsakanin ƙashin wuya da kan damtse, ya zauna daram, domin in ka bar rata tsakaninsa da kafaɗa, lokacin da ta tashi naushinka za ta yi. Daga kwanciya sai durƙuso, inda za ka ɗora hannu a kan gwiwar ƙafa, amma kada tsinin gwiwar hannu ya hau tsinin gwiwar ƙafa, za su yi ta zamewa, ka ɗan zarce da hannun gaba kaɗan. Tsayuwa ita ce mafi wuya, kuma abin mamaki ita ce yara suka fi son farawa da ita saboda ta fi kyau a hoto. In akwai kututture ko tudu ko jaka da za ka ɗora hannunka a kai, yi amfani da shi, ba abin kunya ba ne. Sai dai kada ka ɗora ƙarfen bututun kai tsaye a kan dutse ko katako, yana sauya inda harsashi zai faɗa.

Akwai wani gwaji da sojojin Ingila suka sa a cikin ƙa'idojinsu huɗu na harbi, cewa dole bindiga ta fuskanci abin bara da kanta ba tare da an tilasta mata ba. Ga yadda za ka gane. Ka kwanta, ka saita, sannan ka rufe idanunka, ka ja numfashi sau biyu, ka saki jikinka. Buɗe ido. In ka tarar bindiga ta karkata hagu ko dama, to dama can da ƙarfi kake riƙe da ita a wurin, kuma da zarar ka harba za ta koma inda jikinka yake so. Kada ka gyara da hannu. Ka motsa ƙugunka da ƙafafunka, jikin gaba ɗaya, har sai ka buɗe ido ka tarar tana nan inda ka bar ta. Mutane da yawa sun shekara suna zargin bindiga da ido, alhali ƙugu ne bai zauna daidai ba.

Sannan ido. Kowane mutum yana da idon da ya fi ɗan'uwansa rinjaye, kuma ba lallai ne ya zo ɗaya da hannun da yake cin abinci da shi ba. Miƙa hannuwanka biyu, ka haɗa su ka bar 'yar kafa a tsakani, ka kalli wani abu mai nisa ta cikinta da idanu biyu a buɗe. Rufe ido ɗaya, sannan ɗayan. Idon da abin bai gushe masa ba shi ne shugaba. In kai badame ne amma idon hagu ke rinjaye, ka gaya wa malaminka tun ranar farko, kada ka ɓoye. Kumatunka kuma su sami wuri ɗaya a jikin gindin bindiga, wurin da za su riƙa komawa kowane lokaci, domin in kai ya sauya wuri, ido ya sauya wuri, saiti ya tashi.

A bindigar da ba ta da madubin hange, abubuwa uku ne a gabanka: tsaga ko 'yar kafar da ke baya kusa da idonka, tsinken da ke gaba kusa da baki, da kuma allon can nesa. Idon ɗan Adam ba ya iya ganin abu uku masu nisa daban-daban tar a lokaci guda. Dole ka zaɓi ɗaya, kuma zuciyarka za ta ce ka zaɓi allon, tunda shi kake son samu. Kada ka bi ta. Tsinken gaba za ka ƙura wa ido, shi ne zai fito tar, allon ya ɗan yi dishi-dishi. Kan tsinken ya yi daidai da kafaɗun tsagar, hasken da ke hagunsa ya yi daidai da na damansa. In kuma kafa ce zagayayya, kan tsinken ya zauna a tsakiyarta. Bari in ba ka lissafin don ka san ba son raina nake faɗa ba. A ce tsakanin tsagar baya da tsinken gaba rabin mita ne. In tsinken ya goce da milimita 1 kacal daga tsakiyar tsagar, abin da da ƙyar ido zai lura da shi, to a nisan mita 100 harsashi zai kauce da santimita 20, a mita 200 kuma da santimita 40. Amma in tsaga da tsinke sun daidaita, sai dai ka ɗan kauce wa tsakiyar allo da yatsa biyu, to yatsa biyun nan kawai za ka rasa. Kuskuren farko nisa yana ninka shi, na biyun kuwa yana nan yadda yake. Mai madubin hange ya huta da wannan wahala, amma shi ma ya bar tazara tsakanin ido da gilashi, in ba haka ba bindiga za ta dawo ta tsaga masa gira.

Za ka lura tsinken ba ya tsayawa cak. Yana ɗan yawo a kan allon, sama da ƙasa, hagu da dama. Kada ka damu, na kowa yana yi, har zakarun duniya, nasu dai yawon ƙarami ne. Wani sashe na yawon numfashi ne, wani bugun zuciya. Na numfashin kana da iko a kansa. Duk lokacin da mutum ya fitar da iska, akwai 'yar tsayawa ta daƙiƙa biyu ko uku kafin ya sake ja, ba tare da ya sani ba ma. A cikin wannan tsayawar ake harbi. Kana iya ɗan tsawaita ta, amma in ta kai daƙiƙa takwas ba ka harba ba, ido zai fara hazo, jiki ya fara neman iska, hannu ya ɗauki rawa. A nan ne ake gane mai hankali. Sauke yatsa, ja numfashi, ka sake daga farko. Ba wanda ya ce dole duk saitin da aka fara ya ƙare da ƙara.

Yanzu mun zo kan kunama, wadda a ganina ita ce kashi mafi girma na wannan sana'a, kuma a kanta mafi yawan mutane suke faɗuwa. Ka ga, duk wahalar da ka sha ta gyara kwanciya da ido da numfashi, yatsa ɗaya yana iya rushe ta a ƙiftawar ido. Abin da ke faruwa shi ne, mutum yana kallon tsinke yana yawo, sai ya ga ya ratsa tsakiyar allo, sai zuciyarsa ta ce yanzu, sai ya fizgi kunama. Kafin harsashi ya bar bututu, fizgar ta riga ta ja bakin bindiga gefe. Ba a fizgar kunama, matsa ta ake yi. Sa tsokar gaɓar farko ta manuniya a kanta, ka riƙa ƙara nauyi sannu sannu, kai tsaye zuwa baya, sauran yatsun kuwa kada su san abin da ake ciki. Ka bar tsinken ya yi ɗan yawonsa, kai dai ci gaba da matsawa har bindiga ta tashi ba tare da ka san ainihin lokacin ba. In tashin ya ɗan zo maka ba zato, ka yi daidai.

Babban abokin gabarka a nan tsoro ne, kuma ba tsoron da ake jin kunyarsa ba. Jiki ne ya san ƙara na zuwa, ya san naushi na zuwa, sai ya riga su: ido ya runtse, kafaɗa ta tunkuɗa gaba, bakin bindiga ya duƙa. Mai yin haka ba ya sanin yana yi, domin ƙarar tana rufe laifin. In ka gaya masa sai ya yi musu har da rantsuwa. Malaman harbi suna da maganinsa. Sukan cusa harsashin wofi, marar albarushi, a tsakiyar masu rai ba tare da ɗalibi ya sani ba. In ya zo kansa ya ja kunama, ba ƙara, sai kowa ya ga bindiga ta yi sujada da kanta. Daga ranar musu ya ƙare. Wani maganin shi ne atisaye da bindiga babu harsashi, bayan an duba an sake dubawa, an kuma fitar da harsasai daga ɗakin baki ɗaya. A ɗora maka kwabo a kan bututu, ka ja kunama, kwabon kada ya faɗi. Wannan atisayen ba ya cin ko sisi, ba ya burge kowa, shi ya sa samari ba sa son sa. Su dai a ba su harsashi su ji ƙara. Ni kuwa da za a ce in zaɓa tsakanin yaron da ya ƙona harsashi ɗari a rana ɗaya da wanda yake yin minti goma na kwabo kullum, ba sai na yi dogon tunani ba. Ka kuma toshe kunnuwanka duk lokacin da kake filin harbi. Ƙarar bindiga tana kaiwa ma'aunin desibel 140 har ta wuce, ji kuma in ya tafi ba ya dawowa. Toshe kunnen ma yana rage wannan razanar.

Bindiga ta tashi, aiki bai ƙare ba. Kada ka ɗago kai da sauri don ka ga inda ya faɗa. Kumatu su zauna, ido ya ci gaba da kallon tsinke, yatsa ya riƙe kunama a baya na ɗan lokaci, ka bar bindiga ta yi tsallenta ta dawo. Wanda ya saba ɗago kai, a hankali zai fara ɗagowa tun harsashi bai fita ba. Kuma ka koyi faɗin inda tsinken yake a daidai lokacin da ta tashi, ka ce wannan ya yi sama ta hagu, kafin ka je ka duba. Ranar da bakinka da allon suka fara faɗin magana ɗaya, ka fara zama maharbi.

Kada ka taɓa ma'aunin saiti saboda harbi ɗaya. Harba uku ko biyar a wuri guda, da irin saiti guda, sannan ka duba. In ramukan sun taru wuri ɗaya ko da nesa da tsakiya ne, albishirinka, kai ka yi daidai, bindiga ce ke son gyara. Tsagar baya ana matsar da ita zuwa ɓangaren da kake son harsashi ya koma, tsinken gaba kuwa akasin haka. In kuwa ramukan sun watse ko'ina, to bar bindiga ta huta, laifin naka ne. Ka sani kuma harsashi yana fara faɗuwa tun daga lokacin da ya bar baki, don haka bindigar da aka daidaita a mita 100 za ta buga ƙasa a mita 300. Iska ma tana tura shi, wanda ya yi harbi a buɗaɗɗen fili lokacin hunturu ya san haka.

In kana son ganin iyakar inda natsuwa take kai mutum, kalli gasar Olamfik, wadda harbi yake cikinta tun ta farko a Atina a 1896. A harbin bindigar iska na mita 10, mutum yana tsaye, zai yi harbi 60, kuma tsakiyar allon da ake nema ɗigo ne mai faɗin rabin milimita. Akwai wani Ba'amurke, Matthew Emmons, gwani na gwanaye. A gasar Atina ta 2004 ya riga ya ci zinare a harbin kwance, ya kuma shiga harbin ƙarshe na gasar mita 50 mai matsayi uku yana gaba da kowa da tazara mai yawa. Ya saita, ya matsa kunama yadda ya kamata, harsashi ya tafi, amma a allon maƙwabcinsa ya sauka. Aka ba shi sifili, ya faɗo na takwas. Bayan shekara huɗu a Beijing ya sake zuwa harbin ƙarshe yana kan gaba, yana sauko da bindiga daga sama zuwa tsakiyar allo, sai yatsa ya riga shi, ya sami maki 4.4, ya ƙare na huɗu. Ba don in yi masa dariya na kawo shi ba, mutumin ya je Landan a 2012 ya ci tagulla a wannan gasar dai. Na kawo shi ne don ka ga cewa wanda ya fi ka iyawa nesa ba kusa ba ya harbi abin da ba shi ya nufa ba. Shi allon takarda ya samu, lambar yabo ya rasa.

Kai da za ka shiga daji ko ka tsaya a bakin aiki, abin da ke gabanka ba takarda ba ne. Kada ka harbi motsin ciyawa. Kada ka harbi ƙyallin ido da fitilar goshi ta hasko da dare, kana cewa ai gada ce. Sau nawa aka ɗauko abokin farauta a kafaɗa, ko mai itace, ko yaron da ke kiwo, saboda wani ya harba kafin ya gani? Ka ga dabbar sosai, ka san ko wace ce, sannan ka tambayi kanka me ke bayanta. Ƙaramin harsashin nan da ake rainawa, mai lamba .22, yana tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, na bindigar soja kuwa ya wuce kilomita biyu. Dabbar da ta tsaya a kan tudu, sama ce kawai a bayanta, ƙyale ta, ba ka san ƙauyen da ke can gaba ba. Dutse da fuskar ruwa suna mayar da harsashi ya canza hanya. Haka harbin sama da ake yi a biki ko hawan salla da harsashi mai rai: abin da ya hau zai sauko, kuma yana saukowa da ƙarfin da zai huda kai. Hausawa suna cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure, to a wajen neman abinci da fatauci na yarda, amma a farauta ban yarda ba. Dabbar da ka raunata ta gudu za ta je ta kwana uku tana mutuwa a cikin ƙaya, ba ka ci ba, ba ka bar ta ba, kuma addini ya hana azabtar da mai rai ko mayar da shi abin gwajin hannu. In nisan ya fi wanda ka saba samu a allo, matsa kusa ko ka haƙura.

Masu bindigar toka, ku ma ina da magana da ku. Cikin bututunta sumul yake, babu zanen nan mai murɗawa da ke sa harsashin bindigar zamani ya riƙa juyawa yana tafiya a miƙe, don haka ba ta da nisa, ƙarin albarushi kuma ba zai ba ta nisan ba, sai dai ya fasa bututun ya tafi da yatsu. In ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka juyo da ita ka leƙa baki. Wani lokaci wutar tana ci a hankali. Bar ta tana fuskantar inda ka nufa, ka jira minti guda cur. Maganar gwajin maganin bindiga a jikin mutum kuwa, wanda ya ba da jikinsa da wanda ya harba duk hankalinsu ɗaya, ɗaya kabari, ɗaya kurkuku.

In ka dawo gida, cire harsashi tun kafin ka shiga zaure. Ka goge bututu, ka duba ko ƙasa ko tsumma ya toshe shi, ka shafa mai kaɗan, domin mai da yawa yana tara ƙurar hunturu ya zama taɓo. Bindiga ta shiga akwati mai kwaɗo, harsasai su shiga wani daban, makullan kuma su zauna a aljihunka. Ƙarƙashin katifa da bayan ƙofa da saman sif duk ƙannenka sun san su, sun ma riga ka sani.